Gwankin da Kafinta Ya Bari a Kurmi

An yi wani mutum, kafinta, wanda Allah ya hore wa ido da hannu. Ku gyara zama, ya 'yan uwa, ku ji abin da ya yi da su.

Shagonsa yana kan wata kwana, tsakanin mai facin taya da mai aski. Idan ka shiga, ƙamshin sabon katako ne zai fara tarbarka. Zarto uku a bango, kowanne da ƙusarsa. Fensir a maƙale a kunnensa, tef ɗin awo a aljihun gaba. Ƙofar da ya haɗa ba ta kuka, durowar da ya yi ba ta cijewa. Ba ya sha, ba ya caca, kuma ana ganinsa a sahu. Na faɗi haka ne don kada wani ya zaci labarin ɗan iska zan ba ku. Mutum ne irinmu.

Gida ɗaya suke da mahaifiyarsa, wadda suke kira Inna, da matarsa, da ƙanensa Auta, da matar Auta da 'ya'yansu mata biyu. Auta kiwon zuma yake yi. Yana da amya ashirin da 'yan kai a wani kurmi na bakin rafi, tafiyar awa guda a babur. Mutum ne mai barkwanci. Ranar da zuma ta harbe shi ya dawo da kumburarren ido, sai ya ce wa Inna ai ma'aikatansa ne suka yi yajin aiki.

Shi kuwa kafintan, ban da sana'arsa, maharbi ne. Da baka yake farauta, idan lokacin da hukuma ta yarda ya zo, da takardar izini a aljihunsa. Maharban wurin ba su sa dafi. Kaifin ƙarfe kawai suke dogara da shi. Saboda haka dole kibiya ta shiga inda ya kamata, bayan kafaɗa, ta ratsa huhu. Idan ta shiga nan, dabba ba ta yin nisa, kuma ba ta daɗewa tana shan wuya. Idan ta kauce da tafin hannu ɗaya, labari ya canza.

Kawunsa ne ya koya masa, wan Inna, tsohon maharbi wanda idonsa ya fara rauni. Ka'idar Kawu guda ce: taku talatin. Idan dabba ta fi haka nisa, ka matsa. Idan ba za ka iya matsawa ba, ka bar ta ta tafi.

Kafintan ya taɓa tambayarsa dalili, tun yana saurayi. Kawu ya ce masa, "Kibiya tafiya take yi, ɗana. A taku talatin, kafin dabba ta ji ƙarar tsirkiya, an gama. A taku tamanin, kibiya tana sama, ita kuma tana da lokacin ɗaga ƙafa. Taku ɗaya za ta yi ta ciji ciyawa, abin da ka auna wa huhu ya tafi tumbi. Da ka saki tsirkiya ikonka ya ƙare, gwanintarka ba ta bin kibiya."

Shekara goma sha wani abu yana riƙe da wannan. Yakan yi rarrafe a cikin ƙaya rabin yini don ya rage taku ashirin. Yakan dawo hannu biyu babu komai, matarsa ta ce, "Yau ma dabbobin sun ci sa'a?" Ya yi dariya ya ce sun ci.

Sai ya sayi sabon baka, irin na zamani, mai 'yan ƙananan tayoyi a sama da ƙasa, da abin saiti a tsakiya. Babu laifi a bakan. Kayan aiki ne, kamar zarto. Ya cika buhu da garin katako, ya rataye shi a filin bayan shago, ya zana masa da'ira da fenti. Kullum da yamma idan ya rufe shago sai ya je ya yi ta harbi. Taku hamsin, ya samu. Saba'in, ya samu. Casa'in, a cikin goma yakan sa takwas a da'ira.

Mutane suka fara taruwa. Mai aski, maƙwabcinsa, yakan bar mutum da rabin kai a kujera ya fito da waya yana ɗauka.

To amma buhu yana tafiya? Buhu yana jin ƙarar tsirkiya? Buhu yana sunkuyawa ya ci ciyawa?

Wata rana suna dawa shi da mai aski, suka hango barewa a wancan gefen rafi. Nisan ya kai taku tamanin. Mai aski ya ce, "Ka sa a buhu, wannan ce za ta gagare ka?" Kafinta ya ja, ya saki. Barewar ba ta motsa ba. Kibiya ta shiga daidai bayan kafaɗa, ta yi tsalle biyu ta faɗi.

Ya 'yan uwa, ba duk nasara ce alheri ba. Da ya kuskure a ranar, da wataƙila yau yana shagonsa.

Hoton ya zaga wayoyi. Aka laƙaba masa suna Tsallake-Rafi. Yara a layi, direbobi a tasha, har masu kawo masa katako, kowa Tsallake-Rafi. Wanda zai ba da aikin kujera sai ya fara cewa a nuna masa bakan. Sunan ya yi masa daɗi. Wane ne a cikinmu ba zai ji daɗi ba?

Daga nan rarrafe ya zama abin kunya a wurinsa. Ya daina neman kusa. Ko dabba tana inda zai iya matsawa, sai ya tsaya daga nesa, musamman idan akwai mai kallo. Wasu lokuta yakan samu, a ɗauka, a yaba. Wasu lokutan kibiya takan shiga cinya, ko wuya, ko ciki, dabbar ta shige daji da ita. Waɗannan ba a nuna su a waya. Yakan bi sawu kaɗan, idan jinin ya ɓace sai ya ce ai za ta warke, ya juya.

Matarsa ce ta fara lura, domin ita take goge masa kwari. Ta ce, "Maigida, kibiyoyin nan naka ƙafa suka yi ne? Kullum suna raguwa, nama kuma ba ya ƙaruwa."

Ya ce, "Ciyawa ce take haɗiye su."



Sai ga Kawu wata safiya a shago, da sandarsa, da wani abu a naɗe cikin tsumma. Ya ajiye a kan teburin aiki ya warware. Kibiya ce. Kowa ya san kibiyoyin kafintan, domin shi kaɗai yake shafa musu jan fenti a gindi, ragowar wanda yake wa ƙofofi. Wani makiyayi ne ya cire ta daga cinyar wata barewa da ya tarar a gindin bishiya. Tana da rai a lokacin, amma tsutsa ta riga ta cinye cinyar. Shi ya yanka ta don tausayi, ya binne, ko karnukansa bai ba su ba.

Kawu ya ce, "Sansana."

Kafinta ya ce, "Haba Kawu."

"Na ce sansana."

Ya kai hanci, ya kawar da kai.

Kawu ya ce, "Sati biyu tana yawo da wannan warin a jikinta. Kai kana nan kana cin abinci. Ba ni na koya maka haka ba."

Akwai mutum biyu a shagon suna jiran aiki. Da ba su nan, wataƙila da ya sunkuyar da kai. Amma suna nan. Sai ya yi murmushi ya ce, "Kawu, zamani ya canza. Bakanku na da ne yake tsayawa a talatin."

Kawu ya dube shi ya ce, "Bakan ya canza. Barewar fa, an canza ta?" Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Wannan gargaɗi ne, ya 'yan uwa. Allah ba ya kama bawa sai ya aiko masa da mai tunatarwa. Wani lokaci mai tunatarwar tsoho ne da tsumma a hannu.

Bayan wata guda, wani ɗan kwangila da ya ba kafintan aikin ƙofofin wani dogon gini ya ce yana son ya ga harbin nan da idonsa. Suka fita da sassafe su uku, shi da ɗan kwangila da mai aski. Rana ta ɗan ɗaga suka hango gwanki a wani fili. Wanda bai san gwanki ba, dabba ce babba, ta kusa doki, mai ƙaho biyu masu lanƙwasa baya kamar lauje. Idan lafiyarsa ƙalau, gudun mutum yake yi. Idan ya ji rauni ya kasa gudu, ko zaki yana shakkar matsa masa.

Gwankin yana kiwo, ya fi taku casa'in. Iska tana kaɗowa daga wajensa, ba zai ji ƙamshinsu ba. A gefen hagu akwai wani kwazazzabo da ruwa ya haƙa, wanda mutum zai bi a sunkuye har ya kai taku ashirin da biyar. Kafinta ya ga kwazazzabon. Har ya ɗaga ƙafa zai nufe shi.

Mai aski ya ce a hankali, "A'a, yau Tsallake-Rafi ne zai yi rarrafe?"

Ɗan kwangila ya yi 'yar dariya.

Shi ke nan. Dariyar mutum ɗaya. Kafinta ya mayar da ƙafarsa, ya ja tsirkiya har kunne, ya daidaita, ya saki. Saitinsa bai yi kuskure ba. Amma kibiya tana sama gwankin ya yi taku ɗaya gaba don ya kai ga wata ciyawa. Ta shiga bayan haƙarƙari, ta nutse a ciki.

Gwankin ya ƙanƙame baya, ya yi tsaye kamar mai tunani, sannan ya juya ya gangara da gudu zuwa kurmin bakin rafi.

Kafinta ya ce wa sauran su jira. Ya je inda dabbar ta tsaya. Ya ga jini baƙi-baƙi, gauraye da koren abin da ke cikin tumbi. Ya san ma'anar wannan, tun yana saurayi aka koya masa. Dabbar ba za ta warke ba, kuma ba za ta mutu da wuri ba. Za ta nemi ruwa da inuwa ta kwanta, kwana biyu ko uku, cikinta yana ruɓewa.

Ya sa ƙafa ya tura ƙasa a kan jinin. Ya dawo ya ce, "Shafarsa kawai ta yi. Gashi ta yanka."

Ya ce wa mai aski ya goge abin da ya ɗauka. Mai aski ya ce to.

Maharban wurin suna da ƙungiya, kuma suna da doka: wanda ya raunata babbar dabba bai same ta ba, ya sanar a ranar, a fita da karnuka a ƙarasa ta, a kuma gaya wa masu shiga dajin. Kiran waya ɗaya ne. Amma wa zai ɗauki wayar? Abokan Kawu. Kafin azahar gari zai san Tsallake-Rafi ya harbi gwanki a tumbi.

Bai kira ba. Ya ce a ransa gobe da sassafe zai koma shi kaɗai ya gama aikin. Da gari ya waye, motar katako ta zo, ɗan kwangila yana jiran ƙofofi. Ya ce sai yamma. Da yamma ta yi, ya ce ai war haka ya mutu.

Akwai abin da ya sani kuma, wanda ya yi ta turewa gefe. Kurmin da gwankin ya shiga, a ƙasansa amyar Auta take.

Da yammacin ranar suna tsakar gida. Inna tana kan tabarma tana ninke kayan wanki. Matan biyu suna kicin. Auta yana zaune a kan bokiti da ya kifa, yana ɗinke hular raga da yake sawa idan zai buɗe amya, gwangwanin hayaƙinsa a gefe. Kafinta ya shigo ya zauna yana cire takalmi.

Auta ya ce, "Yaya, jiya ta wajen kurmi kuka bi, ko? Gobe zan je duba mutanena. Babu wani abu a wurin?"

Ku tsaya a nan, ya 'yan uwa. Harbin ya riga ya wuce, ba a dawo da shi. Amma har yanzu ƙofa a buɗe take. Kalma nawa ake bukata? Kada ka je. Shi ke nan. Ko da bai faɗi dalili ba, Auta zai ji maganar wansa.

Amma Auta zai tambayi dalili, yana dariya. Inna tana ji. Inna za ta gaya wa Kawu.

Kafinta ya ce, "Babu komai."

Auta ya ce, "Madalla. Zan kawo maka zuma mai saƙa, ka daina cewa ina yi maka rowa."

Washegari da hantsi Auta ya ajiye babur a bakin hanya ya gangara kurmi. Akwai wata babbar bishiya dab da ruwa da ya ɗaura wa amya uku. A gindinta, cikin dogayen ciyayi, gwankin yake kwance. Da hular raga a fuskarsa, da hayaƙi a gabansa, Auta bai gan shi ba sai da ya kusa taka shi. Dabbar ba ta da ƙarfin gudu. Ƙarfin da ya rage mata na tashi sau ɗaya ne. Ƙaho ya shiga cinyar Auta ya fito, ya sake shiga gefen cikinsa.

Auta ya ja jiki a ƙasa har bakin hanya. Wani direban motar yashi ne ya gan shi wajen azahar ya kai shi asibiti.

Ɗaki ne mai gado shida, fanka ɗaya tana juyawa da ƙyar. An yi masa aiki, an rataya masa ƙarin ruwa da jini. Likita ya ja kafinta gefe ya ce ƙahon ya ratsa hanji, kuma an daɗe kafin a kawo shi, sai dai addu'a. Inna tana zaune a kujerar roba a gefen gado, ta riƙe ƙafarsa.

Da Auta ya farfaɗo, ya nemi ruwa, aka ce ba yanzu ba. Ya juya ido ya ga wansa. Muryarsa ba ta fita sosai, sai da kafinta ya sunkuya.

Ya ce, "Yaya, akwai kibiya a cikinsa. Na gani."

Kafinta ya ce, "Maharba da yawa suna shiga wurin."

Auta ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "Haka ne." Ya rufe ido, ya sake buɗewa. "Ka gaya wa Kawu a je a ƙarasa shi. Yana shan wuya."

Washegari bayan la'asar Allah ya karɓi ran Auta.

Ko Auta ya ga jan fentin, ko bai gani ba, babu wanda ya sani. Bai faɗa ba.

Kawu ya fita da mutum huɗu da karnuka. Suka tarar da gwankin ya mutu, kansa a cikin ruwa. Kawu da hannunsa ya zare kibiyar. Waɗanda suke tare da shi sun ga gindinta. Ya sa ta cikin rigarsa ya koma gida. Yana tausayin ƙanwarsa. Ya yi niyyar ya bar abin tsakaninsa da Allah.

Amma mai aski bai goge hoton ba. Kwana biyar bai iya riƙe almakashi ba. A na shida ya nuna wa wani, don ya sauke nauyin da ke ƙirjinsa. Wannan ya nuna wa wani. Hanyar da sunan Tsallake-Rafi ya bi ya zaga gari, ita wannan ma ya bi.

Labari ya iso gida ta bakin wata maƙwabciya. Inna ta aika aka kira Kawu, aka kira mai aski, aka kira kafinta daga shago. Ta ce a nuna mata. Kawu ya ce ta yi haƙuri ta bari. Ta ce a nuna mata.

Aka riƙe mata wayar. Ta ga fili, ta ga ɗanta ya ja baka, ta ga dabbar ta ƙanƙame baya. Ta ji muryar mai aski yana cewa, "A ciki ka same shi!" Ta ji muryar ɗanta yana cewa, "Kashe wayar nan."

Ta ce a sake. Aka sake. Sau uku.

Sannan ta ɗago ta dubi kafinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "A nan nake zaune ya tambaye ka. Ina ninke kaya. Na ji amsar da ka ba shi."

Ya durƙusa. 

Ta ce, "Ban tsine maka ba, ba kuma zan tsine ba. Ni na haife ka. Amma ka nemi wani wurin zama. Idona ba zai iya ganinka kowace safiya ba."

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Ƙungiyar maharba ta cire shi. Jami'an daji suka karɓe takardar izininsa da bakan. 'Yan sanda sun yi masa tambayoyi sun sallame shi, domin dokar mutane ba ta da wurin da za ta rubuta "babu komai" a matsayin kisa. Matar Auta ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidan iyayenta. Idan yaran suka hango shi a hanya, sai babbar ta ja hannun ƙaramar su tsallaka.

Ya kama ɗaki ɗaya a bayan kasuwa shi da matarsa. Matar ba ta bar shi ba, Allah ya saka mata. Amma ta daina yi masa wasa, kuma gidan da babu wasa kun san yadda yake.

Babu wanda ya zage shi a shago. Mutane dai suka daina zuwa. Waɗanda suka zo kuma ba su sami aikin da suka sani ba. Yakan auna katako, ya tsaya da fensir a hannu, ya manta abin da ya auna. Ƙofofin ɗan kwangila aka dawo masa da su, babu wadda ta zauna a gurbinta. Kafin shekara ta zagayo ya rufe shagon. Yanzu mai sayar da kayan waya ne a ciki.

Inna ta yi shekara biyu bayan Auta. Da ciwonta ya tsananta, Kawu ya je da kansa ya kamo hannun kafinta ya kawo shi bakin gadonta. Ya ce, "Ga shi. Ki yafe masa, kada ki tafi da shi a ranki."

Ta dafa kansa. Ta ce, "Nawa na yafe, duniya da lahira. Na Auta ba a hannuna yake ba."

Mutumin yana raye. Yana aiki a shagon wani da ya taɓa zama almajirinsa a sana'a, goge katako da samfefa kawai yake yi, ba a ba shi zarto. Watannin baya ya same ni bayan sallar azahar, ya jira kowa ya fita. Ya tambaye ni ko irinsa yana da tuba. Na ce masa ƙofar tuba ba a rufe ta ga mai rai, kuma rahamar Allah ta fi zunubinsa girma. Na ce ya kula da marayun nan ta hannun Kawu, ko da ba su san daga ina ba, ya yawaita yi wa ɗan'uwansa addu'a.

 Sannan ya ce, "Malam, mutane na san ƙofar gidansu, zan yi ta zuwa har su gaji. Dabbobin fa? Wa zan je in roƙa? Ban ma san ko su nawa ba ne."

Na ce masa Wanda ya halicce su ya san adadinsu, shi zai roƙa.

Ya 'yan uwa, farauta ba haramun ba ce. Allah ya halatta mana naman dabba, amma bai halatta mana azabtar da ita ba. Addininmu ya koya mana a wasa wuƙa kafin yanka, a hutar da abin yanka, a yi da sauri. Wanda aka umarta da haka a kan akuyar da ke ɗaure a gidansa, ta ina ya sami izinin aika ƙarfe cikin hanjin dabbar dawa don a tafa masa?

Zunubin mutumin nan bai fara ranar gwanki ba. Ya fara ranar da ya san iyakarsa ya tsallake ta saboda ana kallo. Iya harbi daban, cancantar harbi daban. Takwas cikin goma a jikin buhu gwaninta ce. A jikin mai rai, ma'anarta biyu za su tafi da kibiya a ciki, kuma kai ne ka yarda da haka tun kafin ka saki.

Na san yawancinku ba ku taɓa riƙe baka ba. Amma akwai direba a nan da yake wuce mota a kan kwana, bai ga gabansa ba, saboda sau ɗari ya yi ya sha. Akwai mai tura magana a waya kan mutuncin wanda bai taɓa gani ba, ya kashe wayar ya kwanta, bai san inda ta sauka ba. Kowa ya duba nasa.

Kuma ku lura da wannan, shi ne ya fi nauyi. Harbin ya kashe dabba. Shirun ne ya kashe Auta. Kuskure kowa yana yi. Da mutumin nan ya yarda a yi masa dariya na sati ɗaya, da ƙanensa yana nan yana tsokanar Inna. Ya auna kunyarsa da ran ɗan'uwansa, kunyar ta rinjaya. Bai nufi ƙanensa ya mutu ba. Cewa ya yi a ransa, wataƙila babu abin da zai faru. Da yawanmu a kan wannan wataƙilar muke kwana.

Idan akwai wanda ya san ya yi wata ɓarna ya rufe ta da ƙasa, kuma ya san akwai mai bin hanyar gobe, kada ya jira gobe. Ya tashi daga nan ya je ya faɗa. Za a yi masa dariya, za a yi masa faɗa, zai rayu.

Allah ya jiƙan Auta da mahaifiyarsa. Allah ya karɓi tubar wannan bawa nasa. Allah ya sa mana tausayin duk abin da ke numfashi, ya raba mu da yabon da zai kai mu ga halaka, ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya tun tana da amfani. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye wasu daga hannunmu. Amin.